Ƙuma A Jikin Kare: Wanka, Magani Da Tsabtar Makwanci

 

A daminar bara, wajen tsakiyar watan Agusta, mun kai ziyara wata ƙungiyar manoma a wani ƙauye da ke gindin dutse. Duba gonar masara ta ƙungiya ne ya kai mu. Amma da muka sauka gidan ma'ajin ƙungiyar, wanda dattijo ne a ekklesiyar wurin, sai muka tarar da shi ransa a ɓace. 'Yan awakinsa uku sun mutu cikin mako biyu, karyarsa kuma ta mutu kwana biyu kafin zuwanmu. Muka ce, Baba, me ya sami karyar? Ya ce, Malam, ƙuma ce ta dame ta, ba ta barci sai susa. Ya ga akwai ragowar maganin feshin wake a kwalba, sai ya dama shi cikin bokiti ya wanke ta da maraice. Kafin a gama tuwon dare miyau ya fara yi mata dalala, jikinta yana karkarwa. Da asuba ta mutu.

Muka roƙe shi ya kai mu ɗakin awaki. Ba mu yi minti biyu a ciki ba sai ƙafafun wandunanmu suka yi baƙi da ƙuma. Muka kama ɗan akuya ɗaya da ya rage, muka buɗe fatar idonsa, sai muka ga cikinta fari fat, alamar jini ya ƙare. A ɗakin nan ne karyar ta haihu, a nan take kwana tun farkon damina.

Wannan hasara ba ƙarama ba ce. Karyar nan ita ce mai gadin rumbu da dare, ita ce mai korar birai daga gonar masara da ke kusa da dutse. Awakin kuwa su ne ya ajiye domin kuɗin makarantar yara. Tun daga ranar muka ƙudura za mu rubuta muku a kan wannan magana, gama mun san akwai gidaje da yawa da abu irin wannan yake faruwa. Abin da muke so kowa ya riƙe shi ne: ƙumar da ake gani a jikin kare 'yar kaɗan ce, yawancinta tana ƙasa, a inda yake kwana. Wanda ya wanke kare ya bar makwancinsa bai yi rabin aikin ba.

YADDA ƘUMA TAKE RAYUWA

Ƙuma ƙaramin ƙwaro ne, girmanta bai wuce ƙwayar riɗi ba. Ba ta da fiffike, sai tsalle. Abincinta jini ne. Da zarar ta hau jikin kare takan fara shan jini, takan kuma zauna a jikinsa har ƙarshen ranta in ba a raba su ba. Bayan kwana ɗaya ko biyu da fara shan jini macen takan soma ƙwai, tana kuwa iya yin ƙwai 40 zuwa 50 a rana guda.

Ƙwan nan fari ne, ƙanana kamar garin gishiri, ba ya kuma mannewa a gashi. Duk inda kare ya kwanta ko ya girgiza jiki sai ya zube ƙasa: a kan buhun da yake kwana, a ƙarƙashin rumbu, a ɗakin awaki, a zaure, har a bakin murhu. Bayan 'yan kwanaki ƙwan yakan ƙyanƙyashe, 'yar farar tsutsa ta fito. Tsutsar ba ta son haske. Takan shige cikin tsagar daɓe, ko ƙarƙashin shara, ko cikin busasshen kashin awaki. Abincinta shi ne kashin manyan ƙuma da yake zubowa daga jikin kare, wanda busasshen jini ne. Bayan mako ɗaya ko biyu sai ta saƙa wa kanta 'yar jaka mai danƙo, ƙura ta lulluɓe jakar har ba mai iya bambanta ta da ƙasa. A cikin jakar nan take rikiɗewa ta zama ƙuma.

A nan ne wahalar take. Maganin feshi ba ya cika ratsa jakar nan. Ƙumar da ke ciki kuma tana iya jira har watanni, sai ta ji motsin tafiya, ko ɗumin jiki, ko numfashin wata dabba, sa'an nan ta fasa ta yi tsalle. Shi ya sa mutum yakan buɗe ɗakin da ya daɗe a rufe, ƙuma ta yi masa caa a ƙafafu.

Masana sun ƙiyasta cewa a gidan da ƙuma ta kama, wajen kashi 5 ne kawai cikin 100 suke jikin dabba. Sauran kashi 95 ƙwai ne da tsutsa da masu jira cikin jaka. In akwai ɗumi da laima, daga ƙwai zuwa babbar ƙuma mako biyu ne zuwa uku. Domin haka ne ta fi yawa da damina. Da hunturu iska takan bushe, tsutsa da yawa sukan mutu, sai dai waɗanda suka sami wuri mai danshi kamar gindin randa ko ɗakin awakin da ba a sharewa.

ƁARNAR DA TAKE YI

Ta fari ita ce shan jini. Macen ƙuma tana iya shan jinin da ya ninka nauyinta wajen sau 15 a rana. Babban kare mai ƙoshi yana iya jurewa, ko da yake zai rame. Amma kwikwiyo ba shi da jinin da zai ba da. Haka kuma ɗan akuya da ɗan tunkiya, gama irin ƙumar da take kan kare ba ta zaɓen jini: tana hawa kyanwa, da awaki, da tumaki, da 'yan maruƙa, tana kuma cizon mutum. Likitocin dabbobi a Nijeriya sun daɗe da sanin cewa ƙuma takan kashe 'yan awaki da 'yan tumaki ta wurin ƙarar da jininsu.

Ta biyu ita ce ƙaiƙayi. Waɗansu karnuka jikinsu ba ya shiri da miyan ƙuma ko kaɗan. Cizo kaɗan ya isa su yi ta susa da cizon kansu har gashin gindin wutsiya da na baya ya zube, fata ta yi gyambo, ƙudaje su bi.

Ta uku ita ce tsila. Tsutsar ƙuma takan ci ƙwan tsila a ƙasa, tsilar ta zauna a cikinta har ta girma ta zama ƙuma. Sa'ad da kare yake cizon jikinsa yakan haɗiye ƙumar, sai tsila ta girma cikin hanjinsa. Alamarta ita ce waɗansu fararen abubuwa kamar ƙwayar shinkafa a kashin kare ko a gashin da ke ƙarƙashin wutsiya. Ƙaramin yaro mai rarrafe a inda kare yake kwana, in ya haɗiyi ƙuma bisa kuskure, shi ma yana iya kamuwa. Iyaye mata, ku lura da wannan.

YADDA ZA A GANE

A tsayar da kare a kan farin ƙyalle ko farar takarda. A buɗa gashinsa a gindin wutsiya, da ciki, da tsakanin cinyoyi, da wuya. Wani lokaci za a ga ƙuma tana gudu cikin gashi. In ba a gan ta ba, a taje gashin da mataji mai ƙananan haƙora. In waɗansu baƙaƙen ɗigo kamar garin masoro sun zubo, a ɗiga musu ruwa. In sun narke sun yi ja, kashin ƙuma ne. In ƙasa ce kawai, ba za ta yi ja ba.

A kuma ɗaga leɓen kare a dubi dasashinsa. Na lafiyayye ja-ja ne. In ya yi fari, jini ya ragu ƙwarai, wannan kuwa aikin malamin dabbobi ne, kada a jinkirta.

Kada a ɗauki kowane ƙaiƙayi a kan ƙuma ne. Kaska takan maƙale wuri ɗaya, musamman cikin kunne da tsakanin yatsu, ta kumbura da jini. Ƙazuwa takan fara daga bakin kunne da gwiwar ƙafafun gaba, fata ta yi ɓawo. Akwai kuma ƙumar kaji, wadda takan kafe a zankon kaza da gefen idonta, takan kuma kama bakin kunnen kare. In an ga wannan, sai a haɗa da akurki cikin aikin tsabta.

YADDA AKE WANKAN

A zaɓi safiyar da rana ta fito, domin kare ya bushe kafin yamma. A yi wankan nesa da rijiya, da rafi, da tafkin kifi. Manya biyu za su yi aikin, ɗaya ya riƙe, ɗaya ya wanke, mai riƙon kuwa ya zama wanda karen ya saba da shi. In karen bai saba da wanka ba, a ɗaure bakinsa da tsumma mai laushi, ba da ƙarfi ba. Kada a bar wa yara wannan aiki. Karen da halinsa ya sāke farat ɗaya, yana cizon abin da ya gani ko miyau yana zubo masa ba dalili, kada a taɓa shi da sunan wanka. A tsare shi a kira malamin dabbobi, gama yana yiwuwa haukan kare ne.

Abubuwan da ake bukata su ne bokiti biyu na ruwa mai ɗumi, sabulun wanka marar ƙarfi ko sabulun wankan karnuka, mataji, tsohon zane mai tsabta, da kwano mai ruwan kumfa. Omo da sabulun soda mai ƙarfi suna busar da fatar kare, su ƙara masa ƙaiƙayi.

1. A fara taje gashin tun yana bushe, a warware inda ya cukurkuɗe. In akwai kaska, a kama ta da hantsaki dab da fata, a ja a hankali ba tare da murɗawa ba, a jefa ta cikin wuta ko cikin kananzir.

2. A fara sa sabulu a wuya, a kewaye wuyan duka da kumfa kamar an sa masa abin wuya. Dalili shi ne, da ƙuma ta ji ruwa sai ta gudu zuwa kai, ta ɓuya a kunne da gefen ido. Kumfar wuya ita za ta tare mata hanya.

3. Sa'an nan a jiƙa sauran jiki, a cuɗa sabulu daga kafaɗa zuwa wutsiya, har ya kai fata. Kada a manta da ciki, da hamata, da tsakanin cinyoyi da na yatsu.

4. A bar kumfar a jikinsa minti 5 zuwa 10. Wannan shi ne abin da yawancin mutane suke tsallakewa. Ruwa kaɗai ba ya kashe ƙuma da sauri, kumfar da ta zauna ita take nutsar da ita.

5. A goge fuska da jiƙaƙƙen tsumma. Kada sabulu ya shiga ido, kada ruwa ya shiga kunne.

6. A ɗauraye sosai har ruwa ya fito garau, a goge shi da zane, a ɗaure shi a wuri mai tsabta inda rana take taɓawa kaɗan. In an sake shi nan da nan, zai je ya yi birgima a tsohon makwancinsa.

7. In ya bushe a sāke tajewa. Duk ƙumar da mataji ya kamo a tsoma ta cikin kwanon kumfa. Waɗansu suma kawai suka yi, in an yar da su a ƙasa za su farfaɗo.

Kwikwiyon da bai kai mako 8 ba, ruwa mai ɗumi da mataji sun ishe shi, da ɗan sabulu kaɗan in ƙumar ta yi yawa. A yi sauri, a goge shi ya bushe sarai, a mayar wa uwarsa, gama sanyi yana kashe kwikwiyo. Waɗansu suna dafa ganyen dogon yaro su ɗauraye kare da ruwan bayan ya huce. Yana ɗan taimako, amma ƙarfinsa ba ya daɗewa, kada a dogara gare shi kaɗai.

Sai mu faɗa muku gaskiya: wanka yana kashe ƙumar da take jikin kare a ranar nan ne kawai. Da ya bushe, sabulu ba ya sauran aiki. Washegari sababbi za su hau. Yawan wanka kuma yana busar da fata. Sau ɗaya a mako ya isa sa'ad da ƙuma ta yi yawa kuma ba a sami magani ba tukuna, in abu ya lafa kuwa sau ɗaya a wata.

MAGANI, DA LOKACIN SA SHI

Abin da yake tsare kare bayan wanka shi ne maganin da aka yi musamman domin karnuka. Ana samunsa a asibitin dabbobi da kantunan maganin dabbobi. Iri uku ne muka fi gani.

Na fari shi ne na ɗigawa a ƙeya. Yana zuwa cikin 'yar roba, sunan da aka fi gani a kwalinsa shi ne fipronil ko imidacloprid. Ana buɗa gashi a tsakanin kafaɗu, inda harshen kare ba ya kaiwa, a matse shi a kan fata, ba a kan gashi ba. Yana aiki wajen wata guda. Ga inda mutane da yawa suke ɓata kuɗinsu: wannan magani yana bin maiƙon fatar kare ne ya bazu ko'ina a jiki, sabulu kuwa yana wanke maiƙon. Domin haka in an yi wanka yau, a jira kwana 2 kafin a ɗiga. In an ɗiga kuma, kada a yi wanka, kada a bar karen ya shiga rafi, sai bayan kwana 2. Misali, a yi wanka ran Asabar, a ɗiga ran Litinin, ruwa kada ya taɓa shi kafin Laraba. Da damina a ɗaure shi a rumfa cikin kwanakin nan. Yara kada su rungume shi sai wurin ya bushe. Ba a ɗiga wa kwikwiyon da bai kai mako 8 ba.

Ana sayar da shi bisa ga nauyin kare: akwai na kilo 2 zuwa 10, da na 10 zuwa 20, da na 20 zuwa 40. Yawancin karnukanmu na gida suna tsakanin 10 da 20. Kada a yi cinta. A sa karen cikin buhu a rataye a sikelin ƙungiya, ko mutum ya hau sikeli da karen a hannu, sa'an nan ya hau shi kaɗai, a ɗebe.

Na biyu shi ne fipronil na fesawa. Ana fesa shi a busasshen gashi, a waje inda iska take, a cuɗa da hannu mai safar roba. Yawan feshin bisa ga nauyin kare ne, an rubuta a kwalbar. Wannan ya fi dacewa da ƙungiya, domin kwalba ɗaya takan ishi karnuka da dama, ana kuma iya yi wa ƙananan kwikwiyo in malamin dabbobi ya nuna yadda za a yi.

Na uku ƙwaya ce ta taunawa. NexGard tana aiki wata ɗaya, Bravecto kuwa mako 12. Tun da yake cikin jini suke aiki, wanka da ruwan sama ba su rage musu ƙarfi, suna kuma kashe kaska. Sai dai suna da tsada, ba a ko'ina ake samunsu ba, karen da yake da farfaɗiya kuwa sai an tambayi likita tukuna.

Kowane iri aka saya, a duba lambar NAFDAC da ranar da aikinsa zai ƙare. A ci gaba da ba da shi wata 3 a jere. Bayan sawar fari za a ci gaba da ganin ƙuma har waɗansu makonni. Kada a ce maganin jabu ne. Waɗanda suke cikin jaka ne suke fitowa, suna hawa kuma suna mutuwa. A kuma nemi maganin tsila mai suna praziquantel a ba karen a lokaci guda. Allurar ivermectin da aka saba yi wa karnuka tana maganin ƙazuwa da waɗansu tsutsotsin ciki, amma ba ta kawar da ƙuma.

Waɗansu gargaɗi uku. Fipronil yana kashe zomo, kada a gwada shi a kan zomaye. Maganin kare mai permethrin yana kashe kyanwa. A wuraren da ake sayar da karnuka domin nama kuwa, a sani ba a yi waɗannan magunguna domin dabbar da za a ci ba. Awaki da tumaki suna da nasu magani dabam, sai a tambayi malamin dabbobi.

ABIN DA BA ZA A SA WA KARE BA

Hausawa sun ce garin gyaran gira a rasa ido. Maganin ƙwarin gona, na wake ko na auduga ko na tumatir, ba na jikin dabba ba ne. Yana ratsa fata ya shiga jini, karen kuma zai lashe shi. Mai wankan ma yana sha ta hannuwansa. Haka nan fiya-fiya da Sniper, waɗanda gubarsu ɗaya ce. A shekarar 2019 hukumar NAFDAC ta hana sayar da Sniper a kasuwanni da kantunan kayan masarufi saboda haɗarinsa ga mutane. Dattawanmu za su tuna da Gammalin 20 da aka yi ta amfani da shi a dā. Gubar da ke cikinsa, wato lindane, an sa ta a shekarar 2009 cikin jerin waɗanda ƙasashen duniya suka yarda a daina amfani da su a gona. Wanda yake da tsohuwar kwalba a ɗaki kada ya taɓa dabba da ita. Kananzir, da fetur, da baƙin mai suna ƙona fata, suna kuma cutar da kare in ya lasa.

In kuskure ya riga ya faru, alamun su ne dalalar miyau, amai, zawo, karkarwa, da wahalar numfashi. A sa safar roba ko leda a hannu, a wanke karen da sabulu da ruwa mai yawa nan da nan, a ɗauki kwalbar maganin tare da shi zuwa wurin likitan dabbobi. Akwai allurar da take karya irin wannan guba in an kai da wuri. Kada a ɓata lokaci wajen ɗura masa manja ko madara, ba sa karya gubar, yana kuma iya shaƙewa.

TSABTAR MAKWANCI

Wannan shi ne babban aikin, ba ya kuwa cin ko kwabo. A ranar wankan, a bi duk inda karen yake kwanciya. Tsohon buhu ko tsumman da ya lalace, a ƙone shi. Wanda yake da sauran amfani a zuba masa tafasasshen ruwa, a wanke, a shanya a kan dutse cikin rana. A share ɗaki da zaure da ƙarƙashin rumbu har lungu-lungu, a tara sharar a ƙone, kada a zuba ta bayan danga inda kare zai koma. A zuba tafasasshen ruwa cikin tsagar daɓe, in ya bushe a yaɓe tsagar. Sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga, haka ƙuma take da tsagaggen daɓe.

A kwashe takin ɗakin awaki duka har a ga ƙasa, a kai shi gona ko ramin taki nesa da gida. A buɗe ƙofa iska da rana su shiga. In da hali a fitar da 'yan awaki zuwa wani wuri mai tsabta na ɗan lokaci. A yi wa kare makwancinsa dabam, a rumfa mai iska, da buhu biyu domin a riƙa canzawa, ɗaya yana ƙasa ɗaya yana shanya. Karyar da ta kusa haihuwa a shirya mata wuri mai tsabta tun da wuri, kada a bar ta ta zaɓi ɗakin awaki.

A maimaita shara da wankin buhu kowane mako har wata 3. Sabon karen da aka sayo daga kasuwa a yi masa wanka da magani kafin ya gauraya da na gida.

AIKIN ƘUNGIYA

Karnukan ƙauye ba su san iyakar gida ba. Suna kwana a gindin itace ɗaya, suna bin hanya ɗaya zuwa gona. In gida ɗaya ya yi tsabta maƙwabta ba su yi ba, ƙuma za ta komo. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Muna ba kowace ƙungiya shawara kamar haka.

A taron wata mai zuwa, magatakarda ya rubuta yawan karnuka da kyanwoyi na kowane gida. A sa rana ɗaya ta wanka da shara domin kowa, ya fi kyau a farkon damina kafin ƙuma ta yi ƙarfi, a kuma maimaita bayan girbi. A haɗa kuɗi a sayi magani tare daga wurin da aka amince da shi, a ajiye shi a akwati mai makulli, nesa da abinci da yara. A zaɓi mutum biyu su koyi awo da sa magani daga malamin dabbobi na ƙaramar hukuma. A rubuta ranar da aka yi wa kowane kare, domin a san ranar maimaitawa. Zumuntar mata da ƙungiyar matasa suna iya raba unguwanni su duba ɗakunan awaki, su kuma taimaki gwauraye da tsofaffi waɗanda ba su da mai yi musu.

Tun da yake za a tara karnuka wuri ɗaya, a gayyaci malamin dabbobi ya yi musu allurar rigakafin haukan kare. Ana yi wa kare tun yana wata 3, a kuma maimaita kowace shekara. Cibiyar binciken cututtukan dabbobi da ke Vom a Jihar Filato, wadda aka kafa a 1924, tana yin wannan allura a nan ƙasarmu.

Ƙungiyar da muka ba ku labarinta a farko ta bi wannan tsari. Da muka koma bayan girbi, dattijon ya shigar da mu ɗakin awakin nan, muka tsaya muna taɗi a ciki, ba wanda ya sunkuya ya sosa ƙafa. Ɗan akuyan da ya rage ya rayu. Ɗaya daga cikin 'ya'yan karyar ya girma, yana da buhunsa a rumfa kusa da rumbu.

'Yan'uwa, Allah ne ya ba mu amanar dabbobin da suke hannunmu, har da kare wanda yake tsaron gida muna barci. Muna roƙon magatakardan kowace ƙungiya ya karanta wannan a taro domin waɗanda ba su iya karatu ba, a kuma sa ranar aikin kafin a tashi. Wanda yake da tambaya ya ajiye ta wurin shugaban ƙungiyarsa, za mu amsa sa'ad da muka zo zagaye. Ubangiji ya sa albarka ga aikin hannuwanku.